Takardar Da Ta Dawo a Dunƙule

Rimi Uku, Lafiya.
12 ga Fabrairu, 2024.

Zuwa ga aminiyata Iveren, Maman Vera,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kina cikin ƙoshin lafiya kamar yadda muke a nan. Yaya ƙarin haƙuri? Yaya ɗanki Terkimbi da iyalinsa? Yaya gwiwar nan taki mai tashi in an yi sanyi? Allah ya sa da sauƙi. Maigidana Malam Sha'aibu yana gaishe ki, Muhibbat matar ɗana ma ta ce in gaishe ki da kyau.

Dalilin wannan takarda shi ne na gaji da hira da matar nan ta cikin waya. Kullum na buga lambarki sai ta ce mini a kashe take, ranar da ta shiga kuma ta yi ta ƙara har ta tsinke ba a ɗauka ba. Na ce to, tunda ɗan karatun firamaren da na yi bai ruɓe ba, bari in ɗauki biro. Lawal direba mai lodin Makurɗi ya ce ya san ƙauyenku, ba nisa da Daudu, zai kawo miki hannu da hannu. Ki bi ta a hankali yadda kike bin littafin waƙoƙin cocinku, rubutuna bai fi na kaza kyau ba.

Iveren, da kuka tashi daga Agyaragu cewa aka yi za ku kai Baban Vera gida a binne shi ku dawo. Yau wata uku. Ɗorawa ta yi fure a hanyar Agyaragu, jajayen tuntayen nan sun cika rassa, nan da wata biyu kalwa za ta shigo. Shekara ashirin da biyu muna yin daddawa tare, ke ki tattaro kalwa daga ƙauyuka, ni in ba da murhu da tsakar gida, ban taɓa ganin furen nan ban san ranar zuwanki ba sai bana.

Makon jiya na dafa ragowar buhun bara, ni da Muhibbat. Dahuwa ba matsala, surfe da wanki ba matsala, ta kwana uku a kwando ta nuna har maƙwabta suka fara rufe taga. Kirɓi kuwa kin san ba a gaya mini. Amma da aka zo dunƙulawa, nan asiri ya tonu. Hannuna kin san shi, faɗi kamar faifai, in na dunƙula sai ta fito ƙatuwa, ta sha rana kwana biyu ta tsage gida uku. Muhibbat kuma tsoron wari take yi, da kan yatsu take taɓawa tana kawar da fuska. Ke ce kike ɗiba sau ɗaya, ki juya a tafi sau biyu, ki danna da yatsu uku ki ajiye, ɗari su fito kai ɗaya. Matar nan mai tuwo ta bakin tasha ta ɗaga tawa ta jujjuya, ta ce ina mai yatsa uku? Na ce mai yatsa uku ta tafi hutu. Ta ce to ita ma za ta huta, ta koma kan ɗan dunƙulen kanti har ki dawo.

To wai me ya riƙe ki? Doyar Binuwai ce ta yi miki daɗi, ko wani tsoho ne a can ya fara kawo miki gaisuwar yamma? In haka ne ki gaya mini da wuri in zo in ƙirga haƙoransa kafin magana ta yi nisa.

Wasa nake yi. Gaskiyar ita ce tsakar gidan nan ya yi mini faɗi. Ba wanda nake yi wa faɗa ya rama, kowa sai ya ce to Mama, ya wuce. Ina kewarki ƙwarai.

Af, na kusa mantawa. Na gode da atamfar da kika aiko Vera da ita tare da katin nan mai hoton marigayi. Na ɗinka ta a watan jiya, kowa ya ce ta karɓe ni.

Ki huta lafiya.

Taki har kullum,
Dijatu.

Rimi Uku, Lafiya.
20 ga Fabrairu, 2024.

Iveren,

Ina gaishe ki, ina tambayar lafiyarki da ta yara, don uwata ba ta koya mini fara magana ba gaisuwa ba ko da raina a ɓace yake. Kuma a ɓace yake.

Jiya da la'asar Lawal ya zo ya tsaya a ƙofar gida yana sosa ƙeya, babban mutum da furfura a gemu amma ya kasa haɗa ido da ni. Ya sa hannu a aljihu ya miƙo mini wani abu. Na ɗauka goro ne a ƙunshe. Ashe takardata ce, a dunƙule. Ya ce a tsaye kika karanta ta daga farko har ƙarshe, leɓenki yana motsi, sannan kika rufe hannu a kanta, kika ƙara matse ta da ɗaya hannun, kika ce ya mayar mini da kayana.

Na juya ta a tafin hannu na ga lallai aikinki ne. Ba irin cukuikuyewar mai neman abin hura wuta ba ce, dunƙulawa ce ta gwani, a matse, ko'ina daidai. Sai da na ɓata lokaci kafin in warware ta ba ta yage ba. Na shimfiɗa ta na danne da dutsen guga, na karanta sau uku ina neman zagin da na yi miki. Ban ga komai ba sai maganar tsoho mai haƙora, ita ma mun sha yin wadda ta fi ta a gaban Baban Vera yana dariya har da buga ƙafa.

Ki gaya mini laifina. Ranar da aka ce Baban Vera ya rasu, ko mayafi ban daidaita ba na hau mashin zuwa Agyaragu. Kwana uku ina zuwa da safe in wuni sai magariba. Ranar bakwai na zo da robar waina da kunu, na zauna kusa da ke muka yi kuka tare. Me na rage? In wani ne ya kai miki magana a kaina, ki faɗi sunansa in same shi. In kuma kin gaji da ni ne, shekara ashirin da biyu sun isa a gaya wa mutum da baki, ba a aiko masa da ƙwallon takarda a aljihun direba ba.

Tun jiya nake ta mita a gidan nan. Malam ya ce in yi haƙuri, mai takaba ba a biye mata. Na ce shi ma ya yi haƙuri ya bar ni.

Ga wata nan na sake rubutowa. In ita ma dunƙulewa za ki yi, ki yi ta daidai da 'yar'uwarta in haɗa su wuri ɗaya.

Dijatu.

Rimi Uku, Lafiya.
17 ga Maris, 2024.

Zuwa ga 'yar'uwata Iveren,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya jiki, yaya zafi? Mu nan muna cikin azumi, yau bakwai. Ina fata Terkimbi da yara suna lafiya.

Ban san ta inda zan fara ba, don haka bari in fara da Vera. Tun da ta dawo makarantarsu ta Shabu ba ta taka gidan nan ba, yarinyar da a bayana ta yi rarrafe. Shekaranjiya na hango ta a kasuwa wajen masu kifi tana neman ɓuya a bayan wata mai lema. Na kama hannunta ban sake ba sai a tsakar gidana. Na ce ba za ta fita ba sai ta gaya mini abin da na yi wa uwarta. Sai ta ce, "Mama Dija, ba ki zo biso ba."

Na ce wane biso? Ta kalle ni kamar ba ta taɓa ganina ba.

Ita ta gaya mini komai. Ta ce a wurinku zaman da aka yi a Agyaragu lokacin da gawa take asibiti jira ne kawai, ranar da za a sa mutum a ƙasa ita ce ranar, kuma a ranar ake sanin wanda mutum yake da shi. Ta ce katin da ta kawo mini gayyata ce, atamfar kuma anko ce ta matan da za su zauna tare da ke, mutum shida kawai kika ba, ni ce ta farko. Ta ce kin sa an ajiye kujera a damanki, ƙanwar Baban Vera ta zo za ta zauna kika ce da mai ita. Kin aika har Daudu an ɗauko mahauci Musulmi ya yanka akuya guda saboda ni, kin sayi sabuwar tukunya don kada in yi ƙyanƙyami, kin sa an share ɗaki an shimfiɗa tabarma inda zan yi salla. Ta ce duk motar da ta tsaya sai kin ɗaga kai. Har aka sauke akwati ba ki bari an zauna a kujerar ba, dangin miji suna kallo, wasu suna cewa ina Bahaushiyar da ake cika mana baki da ita.

Ni kuwa a ranar, Asabar ɗin nan, ina Shabu wajen sunan jikar ƙanwar Malam, ina cin shinkafa. Katin yana kan firiji na jingine shi da kyau don hoton ya yi kyau. Atamfar na ɗauka tsaraba ce ta tunawa da mamaci. Vera ta ce matar ƙanin mijinki ta gan ni da ita a kasuwa a watan Janairu ina ciniki ina dariya, ta kai labari. Sannan na zo na rubuto miki cewa ta karɓe ni, na ƙara da maganar tsoho mai haƙora, ban ko tambayi yadda aka yi aka binne shi ba. Da ni ce ke, ba dunƙule takardar zan yi ba, a murhu zan sa ta.

Bari in faɗi nawa, ba don in wanke kaina ba. Kin san mu mace ba ta bin gawa. Da safe a rasu, kafin azahar maza sun kai sun dawo, namu shi ne zaman makoki, uku da bakwai da arba'in. Kina nan ranar da ɗana Zakiyyu ya rasu, ke ce kika miƙe za ki bi makara aka mayar da ke daga zaure. Har yau ban san inda aka sa shi ba. To da na ga kati an rubuta rana da wuri, a raina sanarwa ce ta maza. Malam ma ya so zuwa, ciwon bayansa ya tashi, na ce ya zauna ai na yi mana gaisuwa. Ni na hana shi da bakina.

Kwana biyu ina riƙe da wannan hujja ina juya ta, sai na ga ba ta da ƙarfi. Ke wa ya koya miki namu? Ranar Zakiyyu da aka mayar da ke, kin tambaya, aka gaya miki, kika kwana bakwai a ɗakina. In azumi ya zo ba kya shan ruwa a gabana, sai ki zagaya bayan rumbu. Da Kirsimeti kaza mai rai kike kawowa don Malam ya yanka da hannunsa. Kin san lokacin la'asar fiye da Muhibbat, ke kike cewa in tashi in yi salla za ki kula da wuta. Duk wannan tambaya kika yi kika sani. Ni shekara ashirin da biyu muna zaune gwiwa da gwiwa, ban taɓa cewa Iveren, ku yaya kuke yi ba. Na ga ana ajiye gawa wata biyu, na ce a raina ikon Allah, na wuce. Tambaya ɗaya da na yi wa Vera ranar da ta kawo katin da ta isa.

Na yi kuskure, kuma kunya ta ishe ni. Na bar ki ke kaɗai a ranar da kika fi bukatata. Ba ni da abin da zan ce ya mayar da ranar. Ki yafe mini don Allah, in ba za ki iya yanzu ba zan jira.

Atamfar na wanke na ninke na sa a ƙasan akwati.

Taki,
Dija.

Rimi Uku, Lafiya.
9 ga Mayu, 2024.

Aminiyata Iveren,

Ina gaishe ki da kyau. Yaya damina, an fara shuka a wajenku? Nan an yi ruwa sau huɗu, mai ƙarfi ɗaya ya kwashe mana kwanon rumfar murhu. Yaya gwiwa? Allah ya ƙara lafiya. Mun yi salla lafiya, na ɗebi cincin ɗinki na ajiye kamar kullum, ya yi sati uku a roba sannan na ba jikoki.

Duk ranar da Lawal ya dawo daga Makurɗi sai in sami dalilin bi ta tasha. Ya gane, yanzu tun daga nesa yake juye aljihunsa waje in ga ba komai. Takardata ta biyu da ta uku ba su dawo ba, amsa ma ba ta zo ba. Ya ce ta ukun kin karɓa kin soke a ɗaurin zani kin shige ɗaki. Na tambaye shi fuskarki fa? Ya ce shi direba ne, hanya yake kallo. Wallahi wani lokaci har gara mini ranar da kika dunƙule ta farkon, a ranar dai na san hannunki ya taɓa abina da ƙarfi. Shirun nan ya fi ci mini rai.

Kalwa ta shigo ta kusa wucewa. Na sayi buhu ɗaya a hannun wani mutumin Arikya, rabinta tsakuwa, ke da kin gani da tun a bakin buhu za ki mayar masa. Na yi dahuwa biyu na daina. Ba wai ba a saye ba ne, mai tuwon tasha ma ta sauko ta karɓa tana gunaguni. Zaman ne ba na iyawa. In na kirɓa na juye a tire, sai in ga ina matsawa gefe ina bar miki wuri. Ranar nan na buɗe baki zan ba ki labarin faɗan da aka yi a gidan maƙwabtanmu kan akuya, na juyo sai Muhibbat da tsumma a hanci. Na haɗiye labarin, yana nan na ajiye miki, da wasu sun fi goma.

Ina tuna ranar da muka fara haɗuwa, kin kawo kalwa kasuwa a kan keken Baban Vera, na ce ta jiƙe, kika ce idona ne ya jiƙe. Na ce wannan matar ba ta da kunya, gobe ma wurinta zan saya. Kin ga inda rashin kunya ya kai mu.

Malam ya gaji da ni. Jiya ya ce tun Maris ina zuba masa gishiri sau biyu a miya ko in manta gaba ɗaya, kuma takarda ba ta da ƙafa, ni ke da ita. Ya ce in shirya in je. Na ce in ta kore ni fa? Ya ce sai in dawo, ai an san hanya. Tsoro nake ji, ba zan ɓoye miki ba. Muddin ina nan ina iya cewa wataƙila gobe amsa ta zo. In na je kika juya mini baya, shi ke nan ba sauran wataƙila.

Duk da haka zan zo. Asabar ashirin da biyar ga wata zan biyo Lawal da safe, in koma Litinin. Ba izini nake nema ba, sanar da ke nake yi, don kada ki ce na faɗo miki kamar ruwan sama. Kada ki yanka komai, kada ki sayi komai. Wannan karon na tambayi Vera abin da ake yi da abin da ba a yi, har ta gaji da ni.

Sai na zo.

Taki,
Dija.

Ƙauyen su Iveren, bayan Daudu.
Litinin, 27 ga Mayu, 2024.

Zuwa ga Malam,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da ladabi, ina fata kana lafiya, yaya bayan naka? Ina fata Muhibbat tana ba ka maganin a kan lokaci. A gaida yara duka. Ni lafiyata ƙalau, kada ganin Lawal da takarda maimakon ni ya tayar maka da hankali. Nan sabis sai an hau tudu, kai kuma ba ka ji a waya sai an yi ihu, shi ya sa na rubuto.

Na iso ranar Asabar kafin azahar. Na same ta a gindin mangwaro tana ɓare agushi. Malam, ta rame, ta aske kanta, tana cikin baƙaƙen kaya. Ta ɗaga kai ta gan ni ba ta tashi ba. Na gaishe ta, ta amsa kamar yadda ake amsa wa masu allurar rigakafi. Na durƙusa zan faɗi abin da na haddace tun daga Lafiya, ko kalma ɗaya ban tuna ba, sai cewa na yi na zo. Ta ce ta gani. Ta ci gaba da ɓare agushinta har kwanon ya ƙare, ni kuma ina durƙushe har ƙafata ta mutu.

Ba ta wulaƙanta ni ba. An ba ni ɗaki a share, da buta, matar Terkimbi ta dafa mini doya da kifi. Daddawar da na kawo mata ta ɗauki ɗaya ta duba ta mayar cikin leda, da ta zage ni da na fi jin daɗi. Jiya Lahadi ta tafi coci ta bar ni da kaji. Da ta dawo na yi ƙarfin hali na tambaye ta yaushe za ta koma Agyaragu. Ta ce ba za ta koma ba. Ta saki ɗakin, an kwaso kayanta tun bikin Ista. Ta ce mijinta yana nan, wa zai share masa wuri? Na sake tambaya da yamma ko na ji ba daidai ba, ta maimaita. Na shiga ɗaki na haɗa jakata, na ce a raina to Dijatu, kin zo kin gani.

Yau da safe na fito da jaka ina jiran mai mashin da zai kai ni bakin titi. Sai ta fito ta ce in ajiye, in biyo ta. Muka zagaya bayan gida, tsakanin bishiyoyin lemo. Ashe nan kabarin yake, su a gida suke binnewa. An shafe shi da siminti an rubuta sunansa, Iorliam, wurin a share tas ko ganye ɗaya babu.

Malam, kai ka san ban taɓa tsayawa a kan kabari ba tun da aka haife ni. Ban san inda zan sa hannuna ba, ban san abin da ake cewa ba, wannan kam na manta ban tambayi Vera ba. Na tsaya kawai ina tuna mutumin nan da kekensa, da yadda yake ce maka Alhaji kana cewa ba ka je ba tukuna.

Ita kuwa ta sunkuya ta bubbuga simintin da tafin hannu kamar mai tashin wanda ya makara. Kullum da yarensu take yi masa magana, matar Terkimbi ta gaya mini daga baya. Amma yau da Hausa ta yi, Hausar nan tata da ba ta raba mace da namiji, don in ji. Ta ce, "Iorliam, ga Dija ya zo. Na ce maka zai zo, ka ga ya zo. Ya yi latti, amma ya zo."

Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba. Na yi kukan da ban yi ba a Agyaragu. Ta bar ni na yi mai isata, sannan ta kama wuyan hannuna ta ce in tashi haka nan, zanina yana shan ƙasa, kuma wa ya gaya mini ana zuwa gidan mutane a kwana biyu a gudu. Ba ta saki hannun ba har muka dawo gindin mangwaro.

Don haka ina neman izininka in ƙara kwana huɗu, in dawo Juma'a in Allah ya kai mu. Ba za ta biyo ni ba, Malam, na san wannan yanzu, kuma na daina tambaya. In na dawo ka ga na yi shiru kwana biyu, ka ƙyale ni. Kwana huɗun nan nake so in zauna kusa da ita.

Lawal yana jira a bakin titi, mai mashin yana ta danna oda. Ka huta lafiya.

Matarka,
Dijatu.